Alhaji, Akwai Mamacin Da Ke Kiɗa A Gidanka

Duk mai injin wanki na Samsung a gidansa, a nan Duwala, daga New Bell har PK 14, ya ɗaga hannu. Alhaji, kada ka ɓoye naka, unguwa duk ta ga ranar da aka sauke shi daga mota. To, ɗan kiɗan nan da injin ke yi idan ya gama aiki, wanda Hajiya ke bi da baki tana kwashe kaya, ba mutanen Koriya suka ƙirƙire shi ba. Wani saurayi ɗan Ostiriya mai suna Franz Schubert ya tsara shi a 1817, shekarar da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya rasu a Sakkwato. Waƙa ce a kan wani kifi da mai fatsa ya yaudara. Schubert yana da shekara 20 a lokacin, kuma 11 kawai ya ƙara a kai. Ya mutu ranar 19 ga Nuwamba 1828 a birnin Biyana, yana ɗan 31.

Saboda haka duk mai shirin ce mini ina ruwanmu da kiɗan Turawan da suka mutu, ya fara zuwa ya zare wa injinsa waya daga bango, sannan ya dawo mu yi magana.

Na san ku ai. Mai soyan bakin Kasuwar Kongo zai goge wuƙa ya ce, "Malam, kiɗan da ba kalangu, ba 'yan amshi, ba a yabi kowa ba, ba a yi wa kowa zambo ba, mutum sittin sun zauna da goge suna ta ziiii kamar sauron New Bell da damina, shi ne kiɗa?" Ɗan benskin da ke jiran fasinja a PK 14 zai rantse shi bai taɓa ji ba, ba ya kuma fatan ji. Yi kaffara, ɗan'uwa. Kai da ba ka fashin kallon kokawar Amurka? Idan aka kashe fitilu, ƙararrawa ta buga, Undertaker ya taho yana jan ƙafa, kiɗan da ke tayar maka da tsigar jiki daga wajen Chopin aka samo shi, wani siririn ɗan ƙasar Folan mai kaɗa piyano, wanda tari ya ƙarasa a Faris a 1849 yana da shekara 39. Da kiɗan nan sojoji suka raka gawar shugaban Amurka Kennedy a 1963. Tsohuwar Nokia ɗinka, wadda kake cewa ta fi duk wayoyin yanzu ƙarko, cikin kiɗe-kiɗen kiranta akwai mai suna Mozart 40. Ba lambar gida ba ce. Babban kiɗa ne da Mozart ya gama tsarawa a Yulin 1788, saura shekara 3 da 'yan watanni ya mutu. Idan kuma maƙwabcinka ɗan Basa ya gayyace ka aure a coci, ka tsaya daga waje kana jiran a fito a zuba abinci, kiɗan da ango da amarya ke fitowa da shi na Mendelssohn ne, Bajamushe. Ya tsara shi a 1842, ya mutu a 1847 yana da 38, wata shida bayan rasuwar yayarsa Fanny, wadda ita ma gwanar kiɗa ce.

Ustaz, na ga ka ɗaure fuska. Ba fatawa na zo bayarwa ba, ban kuma ce ka saurari komai ba. Zauna dai tukuna, zan buƙace ka a gaba, don maganar za ta biyo ta kan alƙalami da tawada.

Masu ganin hotunan mutanen nan da farin gashi suna ɗauka wasu dattawan farfesoshi ne, ku sani gashin na sawa ne, ko kuma hoda aka barbaɗa. A ƙarƙashinsa yara ne. Mozart makaɗin fada ne ɗan gado, irin wanda muka sani. Ubansa Leopold mai goge ne a fadar Salzburg, shi ya koya masa, ya riƙa yawo da shi da yayarsa fada-fada a Turai tun yana ɗan shekara 6, suna wasa ana ba su tukuici. Ubangidansa Colloredo babban limamin coci ne, shi ne kuma ke sarautar garin. Idan an zo cin abinci, da masu girki da barorin ɗaki ake haɗa Mozart. A 1781 ya gaji, ya nemi a sallame shi, aka yi cacar baki, wani bafade mai suna Arco ya raka shi ƙofa da shuri a mazaunai. Da Ɗanƙwairo aka yi wa haka, da har yau jikokin Arco ba sa iya shiga kasuwa saboda zambo.

Ku kuma masu raina maroƙa, ku ji. A shekarunsa na ƙarshe Mozart ya yi ta aika wa wani ɗan kasuwa abokinsa, Puchberg, wasiƙun neman rance, wata na bin wata, da lallashi da kukan babu. Wasiƙun suna nan an adana. Bambancinsa da maroƙin da ke tare ka a ƙofar gidan biki, shi a rubuce yake nasa.

Amma fa mutumin ya yi aiki. Ya bar kiɗa sama da 600. A shekararsa ta ƙarshe kaɗai ya fitar da opera biyu, wato wasan kwaikwayon da ake rerawa, ɗaya a Firag ɗaya a Biyana, duk cikin watan Satumba. Ana cikin haka wani mai sarauta, Walsegg, da matarsa ta rasu, ya aiko ɗan saƙo a ɓoye a tsara masa kiɗan addu'ar mamaci irin na coci, da niyyar ya kwafe da hannunsa ya ce shi ya yi. Masu sayen takardar digiri, ga kakanku nan. Mozart bai gama ba ya kwanta, ya cika ranar 5 ga Disamba 1791 yana da 35. Matarsa Constanze tana buƙatar cikon kuɗin, sai ta sa wani almajirinsa, Süssmayr, ya ƙarasa.

Yanzu Hajiya za ta gyara mayafi ta ce, "Wannan ai da gani sammu ne. Yaro yana tashe haka ya faɗi? Akwai hannu." Hajiya, Turawa sun riga ki. Tun watan da aka binne shi zancen guba ya fara yawo, daga baya aka jingina wa Salieri, shugaban makaɗan fadar sarki a Biyana. Har fim aka yi a kai a 1984, Amadeus, ya kwashe kyautar Oscar 8. Hujja kuwa ko ɗaya babu. Ɗan Mozart ɗin ma a wajen Salieri ya yi karatun kiɗa, uwarsa na raye tana kallo. Ke za ki miƙa ɗanki ga wanda ya kashe miki miji? Abin da aka rubuta a littafin mamata zazzaɓi ne mai tsanani. Jikinsa ya kumbura, likitocin zamanin kuma suka yi ta tsaga shi suna zubar da jini, wai magani.

Mu ma nan mun san irin wannan. Lokacin da Kotto Bass ya mutu a Nuwamban 1996 yana da 33, waƙoƙinsa na tashi a kowace tasi daga Bonaberi har Ndokoti, wane irin labari ne kunne bai ji ba? Haka Zanzibar, mai jitar ƙungiyar Les Têtes Brûlées, da ya tafi a 1988 yana da 26, sunansu ya fara zaga Turai ke nan. Har yau ana gardamar abin da ya kashe shi. Tsoho idan ya mutu sai a ce kwana ya ƙare, a yi addu'a a watse. Saurayi mai suna kuwa, sai an nemo wanda za a ɗora wa.

Ajali ajali ne, ba mai ja. Amma idan aka bi sababin mutuwar Turawan nan ɗaya bayan ɗaya, ba boka a ciki, ba kishiya. Cututtuka ne da muka sani da sunansu. Pergolesi na Italiya tarin fuka ne, a 1736, yana da 26. Schubert ana kyautata zaton taifot ce ta ƙarasa shi, a kan wani ciwon da ya ɗauko tun yana saurayi, irin wanda ba a faɗa gaban surukai. Lili Boulanger, mace ta farko da ta ci babbar gasar tsara kiɗa ta Faransa a 1913, ciwon hanji ya cinye ta a 1918 tana da 24. Arriaga ɗan Sifen bai ma cika 20 ba. Bizet ya nuna wasansa Carmen a Faris ranar 3 ga Maris 1875, 'yan jarida suka yi masa ca, ranar 3 ga Yuni zuciya ta buga, yana da 36. Bai san wasan zai zaga duniya ba, balle ya san mawaƙi Stromae zai ɗauki karinsa a 2013 'ya'yanku su yi ta rawa.

Labarin Chopin ma ya fi ban mamaki. Tsoron a binne shi da rai ya sa ya bar wasiyya a buɗe ƙirjinsa. Aka binne gangar jiki a Faris, yayarsa Ludwika ta ɗauki zuciyar a cikin kwalba ta kai Warso, tana can cikin ginshiƙin wani coci har gobe. A 2014 masana suka leƙa kwalbar, suka ce alamu sun fi nuna tarin fuka. Ƙwayar cutar nan sai a 1882 Robert Koch ya gano ta, maganinta na farko kuma sai a shekarun 1940. Chopin da duk manyan Faris da ke zuwa gaishe shi bai samu abin da ake ba mai tura baro yau a asibiti ba, wato ƙwayoyin wata shida. Don haka Alhajin da ke tari tun azumin bara, yana cewa laimar Duwala ce, yana ta shan citta da kanumfari, ya je a duba majinarsa. Ba shi da uzurin Chopin, kuma bai bar mana kiɗa ko ɗaya da za mu tuna shi da shi ba.

Ga wani dattijo can yana murmushi yana lanƙwasa yatsu. Bakano ne, da ganin yadda ya fara da lissafi. Ya ce, "To ka gani? Namu sun fi ƙarko. Shata ya yi 76. Ɗanƙwairo ya haura 80. Ko Manu Dibango na nan garin sai da ya kai 86. Tuwon dawa ya fi burodi."

Baba, Allah ya ƙara girma, lissafinka bai ɓace ba. Sai dai waɗanda suka iso ka ƙirga. Schubert ya yi zamani da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837. A lokacin fadojin Kano da Zazzau da Katsina da Daura da Maraɗi suna da masu kotso da taushi da kakaki da algaita. Taifot da tarin fuka da agana ba Bature kaɗai suka sani ba. Cikin makaɗan nan dole akwai saurayin da ya gagari tsararsa, wanda idan ya buɗe baki fada ke yin tsit, ya kuma mutu yana ɗan 30. Faɗi sunansa, Baba. Rera mana baiti ɗaya nasa, in saya maka goro.

Shirun nan naka shi ne duk abin da ya kawo ni. A wurinmu waƙa a kan mutum take zaune. Uba ya koya wa ɗa, 'yan amshi su haddace, idan maigida ya kwanta dama magaji ya ɗauki kotso. Hanyar tana aiki, ta kawo mana abubuwa masu yawa, amma shekaru take ci. Sai makaɗi ya daɗe, ya tara yara, ya haifi magaji, magajin ya girma ya iya. Wanda ya faɗi da wuri, da kayansa ake rufe shi. Shi ya sa idan muka waiwaya tsofaffi kaɗai muke hangowa, har muka ɗauka makaɗanmu ba sa mutuwar ƙuruciya.

Dubi Schubert kuwa. Bai yi aure ba, bai bar ɗa ba, ba shi da fada, ba shi da ubangida. Yawancin shekarunsa bayan ya girma a ɗakunan abokai ya yi su. Sau ɗaya tak aka tara jama'a don kiɗansa shi kaɗai, a Maris 1828, wata takwas kafin ya mutu. Da ɗan unguwarmu ne, da zancensa ya ƙare ranar sadakar arba'in. Amma ya bar takardu. Shekara 10 bayan rasuwarsa wani makaɗi, Schumann, ya ziyarci yayansa Ferdinand, ya tarar da tarin rubutu, a ciki har da wani babban kiɗa mai cin kusan sa'a guda wanda jama'a ba su taɓa ji ba. Ya aika Laifzig, Mendelssohn ya jagoranci kaɗa shi a Maris 1839. Wani kuma, wanda bai ma ƙarasa ba, wani abokinsa ya ajiye a gida ya yi shiru da bakinsa, ba a ji shi ba sai 1865, shekara 37 bayan an binne mai shi. Mutanen da ba su taɓa ganin fuskarsa ba suka buɗe takarda, suka kaɗa abin da ya ji a kansa.

Dabarar ba sihiri ba ce. Layuka biyar ne a kwance, ana ɗiga ɗigo a kansu ko a tsakaninsu. Inda ɗigon ya zauna shi ke nuna hawan sauti ko saukarsa, siffarsa kuma ta nuna tsawon ja. Wani malamin coci a Italiya, Guido na Arezzo, ya kafa tushen abin tun ƙarni na 11. Yaron da ya iya haddace izu sittin da wasulla da ɗaurin kowane harafi, wannan ba zai kai masa wata uku ba.

Ustaz, ga wurinka ya zo. Nana Asma'u 'yar Shehu an haife ta a 1793, ta girmi Schubert da shekara 4, ta rasu a 1864. Waƙoƙinta na Fulatanci da Hausa da Larabci suna hannunmu, ana karanta su a jami'o'in duniya. Me ya tsare su? Tawada. Ashe ba rubutu muka rasa ba. Mun rubuta fiƙihu, mun rubuta tarihi, mun rubuta wa'azi a waƙe. Masu alƙalami ne dai ba sa shan inuwa ɗaya da masu kalangu, sai kalma ta tsira, sauti ya bi iska. Ko Narambaɗa, da duk girman sunansa, abin da muke ji nasa yau shi ne ɗan abin da na'urar ɗaukar murya ta riska kafin ya rasu a farkon shekarun 1960. Da na'urar ta makara da shekara 20, da sai dai mu ce an ce.

Kada kuma wani saurayi mai sutudiyo a ɗakin uwarsa ya ji wannan ya ɗauka mutuwar wuri ita ce hatimin gwaninta. Makabartu cike suke da matasan da ba su tsinana komai ba. A 1815 Schubert yana ɗan 18, yana koyar da yara a makarantar ubansa, ya tsara waƙa sama da 140. Akwai ranar da ya yi takwas. Lokacin da kai kake ɓatawa a cunkoson Ndokoti kana zagin direban gaba, shi ya gama ɗaya ya fara ta biyu. Kuma mutuwar asara ce tsagwaronta. Da Beethoven ya tafi a 31, da cikin manyan kiɗansa tara ɗaya kawai duniya ta ji. Verdi yana da 79 ya fitar da opera ɗinsa ta ƙarshe a 1893. Da Shata ya tafi a 31, wato a 1954, da yawancin abin da kuke ji a rediyo kuna girgiza kai babu shi. Abin da waɗancan yaran za su yi da sun kai furfura, shi babu takardar da ta riƙe.

Takarda ma tana da nata mugun hali, kada ku ce na ɓoye. Tana tsare kiɗa, ba ta ciyar da mai shi. Ga Samuel Coleridge-Taylor, haifaffen Landan a 1875, ubansa likita ne ɗan Saliyo, baƙin mutum irinmu. A 1898 ya tsara wani kiɗa, Hiawatha's Wedding Feast, da ya mamaye Ingila. Saboda matsi ya sayar wa kamfanin ɗab'i haƙƙinsa ɗungurungum a kan fam 15 da sule 15. Kamfani ya sayar da kwafi dubu ɗaruruwa. Shi kuwa, da shugaban Amurka Roosevelt ya karɓe shi a fadarsa a 1904, ya ci gaba da gudun neman na cefane, koyarwa nan, alƙalancin gasa can, har ya faɗi a tashar jirgin ƙasa a Croydon. Ciwon huhu ya kashe shi ranar 1 ga Satumba 1912 yana da 37. Abin ya ba Ingila kunya har sarki ya yanka wa matarsa fam 100 a shekara, kuma a 1914 aka kafa ƙungiyar karɓar wa makaɗa haƙƙinsu. Yaron da ke zaune ƙarƙashin lema a bakin kasuwa yana tura waƙa ɗari a waya kan 'yan sefa, na ga ka sunkuyar da kai. Ɗago, ba kai ka fara ba, kamfanin Landan ya riga ka. Kai dai ko fam 15 ɗin ba ka biya ba.

Yanzu na'ura tana aljihun kowa, uzuri ya ƙare. Duk da haka ku gwada wannan: ku tara yaran New Bell 'yan ƙasa da 20 ku tambaye su Ali Baba. Za su ce na ɓarayi arba'in. Ba su san ɗan Garwan nan ba, mawaƙi kuma gwanin rawa, wanda ya hau da kiɗan arewa manyan dandamali har Faris, ya rasu a 2004 bai kai 50 ba. Shi da ya yi zamani da kaset da talabijin ke nan. To ina ga mai kalangun da ke yi mana biki da suna a unguwa, wanda ko sunansa na yanka ba mu sani ba?

Kaset-kaset ɗin da ke cikin kwali a ƙarƙashin gadon Baba, laimar garin nan ba ta san darajar Jankiɗi ko Ɗan'anace ba, cin su take yi kullum. A fito da su a kai wa mai kwamfuta ya juye tun zaren bai manne ba. Idan kuma an yi biki mai zuwa, wayar nan da kuke ɗaukar ashoben amarya da ita, ku juya ta wajen makaɗin, ku bar shi ya kai ƙarshen waƙa. Ku tambaye shi sunansa da garinsu da wanda ya koya masa, ku rubuta da kwanan wata. Tsoho ne ko yaro, kada ku jira ya yi suna. Sannan ku biya shi kuɗi a hannu, ban da Allah-ya-yi-albarka.